Mahaifina da maigidana ba sa ga-maciji, yau shekara biyu

Assalamu alaikum Goggo. Ni matar aure ce a Mabera, nan Sakkwato, ɗiyanmu uku. Mahaifina ɗan Tijjaniyya ne, da jin wazifa a zaurenmu na tashi. Maigidana ɗan Izala ne. A shagon Baba ya girma a Tsohuwar Kasuwa, Baba ne ya sallame shi da jari, kuma shi ya ba shi ni, alhali ya san masallacin da yake salla. Shekara tara muna zaune lafiya. Ranar sunan autanmu, bayan an raɗa suna, abokan Baba suka ɗauki Salatul Fatihi, sai wani abokin maigidana ya miƙe ya ce ba a shirka a ƙofar gidan Ahlus Sunna. Maigidana yana zaune, bai ce uffan ba. Baba ya ɗauki takalmansa ya tafi, ko goro bai karɓa ba. Da yamma ya faɗa a gaban mutane cewa ya yi kuskuren ba maƙiyin Annabi ɗiyarsa, yaron da ya ci da shi ya tufatar. Magana ta dawo kunnen maigidana. Tun daga ranar ko sallama ba ta haɗa su. Ya hana ni kai yara gida, ni ma sai na yi ta roƙo kafin in je. Ƙannena da nasa kullum cikin jifan juna suke da bidiyon malamai a WhatsApp. Shekaranjiya ɗana mai shekara bakwai ya tambaye ni, wai da gaske ne kakansa ɗan wuta ne? Ga Baba ba lafiya, hawan jini da ciwon suga sun kwantar da shi. Wallahi wani lokaci sai in ji na tsani su duka biyun. Mi zan yi?

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya ba Malam lafiya, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.

Da yaron nan zan fara, don shi ne ba zai iya jira ba. Ki zaunar da shi yau, ba da muryar faɗa ba, ki ce masa: kakanka Musulmi ne, yana salla, yana azumi, yana son Annabi, babanka ma haka yake. Wuta da Aljanna na Allah ne, bai ba kowa makullinsu ba. Ki tsaya nan, kada ki ƙara da cewa babansa ne mai laifi, don ba a gyara wa yaro kakansa da ɓata masa ubansa. Sannan ki lallaɓa ki ji a ina ya samo maganar. In a bakin ƙannen ubansa ne, ko a Islamiyya, ko a wajen wasa, dole uban ya sani, kuma ina kyautata zaton ba zai ji daɗi ba. Da wuya a sami uban da, komai zafinsa, zai so ɗansa ɗan shekara bakwai ya buɗe baki ya jefa tsoho a wuta.

Akwai abin da kika rubuta da hannunki wanda nake so ki tsaya a kansa. Kin ce shekara tara kuna zaune lafiya. Ranar da Malam ya ba da ke ya san aƙidar yaronsa. Shi kuma maigidanki ya san ubangidansa ba ya fashin wazifa, wataƙila ma sau da yawa shi ake bar wa shago ranar Juma'a da la'asar don Malam ya tafi zikiri. Saɓanin yana nan tun ranar farko, bai hana a ɗaura aure ba, bai hana a yi suna biyu lafiya ba. To me ya faru ranar suna na uku? An tozarta dattijo a ƙofar gidan ɗiyarsa, a gaban abokansa, wanda ya tashi a hannunsa yana zaune ya sunkuyar da kai. Da yamma kuma aka yi wa magidanci mai iyali gori a bainar jama'a, aka tuna masa tuwon da ya ci, aka laƙaba masa sunan da ba Musulmin da zai iya ɗauka. Mutuncin mutum biyu ne ya zube a rana ɗaya. Kowannensu ya ɗauko rigar addini ya rufe ciwonsa da ita, domin cewa “don Allah nake ƙinsa” ya fi sauƙi a baki da cewa “ya kunyata ni.”

Ba zan ɓoye miki yadda nake gani ba. Maigidanki ne ya fara. Ba wanda ya ce ya karanta abin da bai yarda da shi ba, ko ya ce amin. Abin da ke kansa kawai shi ne ya ce wa abokin nan: zauna, nan ƙofata ce, wannan kuma ubana ne. Wanda ya taka ƙofarka bisa gayyatarka amanarka ne har ya tafi. Shirun da ya yi shi ne ya fi yi wa Malam zafi, fiye da maganar baƙon. Shi ma Malam, da girmansa da komai, ya faɗi abin da bai kamata ba. Alƙur'ani a cikin Suratul Baƙara ya hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, kuma “maƙiyin Annabi” ba kalmar da ake jefawa ba ce a garin nan, kalma ce da za ta iya sa a rasa rai. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa wanda ya ce wa ɗan'uwansa kafiri, kalmar za ta koma kan ɗayansu. Da mai cewa shirka da mai cewa maƙiyin Annabi, duk a bakin wannan ramin suke wasa.

Na tsaya a kan wannan ne don kada ki ɓata ƙarfinki a inda ba za ki ci nasara ba. In kika ɗauka aƙida ce matsalar, za ki yi ta ƙoƙarin sa ɗaya ya bar tasa, ko ki yi ta neman wanda ya fi hujja a kan Salatul Fatihi. Manyan malamai masu ɗakunan littattafai suna wannan muhawara tun kafin a kafa Izala a Jos a 1978, har yau ba su gama ba. Ba ke za ki gama ta a tsakar gidanki ba, kuma ba a ɗora miki ba. Malam zai ci gaba da jan carbinsa, maigidanki zai ci gaba da zuwa masallacinsa. Abin da kike nema ya fi haka ƙanƙanta, ya kuma fi shi yiwuwa: sallama ta dawo, a yi dubiya, jikoki su shiga gidan kakansu.

Ƙasar nan tamu ta ga irin wannan tun kafin a haife ki. A 1949 da 1956 an yi rikici a lardin Sakkwato tsakanin Ƙadirawa da Tijjanawa, a kan wazifa da ƙabalu da sadalu, rikicin da ya kai ga rushe wuraren ibada. Yau jikokin waɗancan mutane tabarma ɗaya suke zama a Mauludi, suna ɗaya ake kiransu da shi, 'yan ɗariƙa. Ita ma Izala ta zo ta rabu gida biyu, Jos da Kaduna. Ƙungiyoyi suna ɓatawa su shirya, shugabanninsu su rungumi juna a ɗauki hoto. Amma ɗan da ya ƙi gaida ubansa saboda wancan rikicin har uban ya mutu, ba wani zaman sulhu da zai dawo masa da shi.

Kuma abin da ke ba ni mamaki, duk ɓangarorin biyu da Shehu Usmanu suke tinƙaho. Waɗannan su ce shi ne mai raya sunna da kashe bidi'a, waɗancan su ce ai Baƙadire ne, kuma duk gaskiya suka faɗa. To shi Shehun ya saɓa wa malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, a kan kafirta masu manyan zunubai. Ya rubuta cewa ba a fitar da Musulmi daga addini da zunubi, amma bai daina girmama malamin da yabonsa ba. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya tashi a gidan Ƙadiriyya, ya sauki Alhaji Umaru Futi, jagoran Tijjaniyya, a nan Sakkwato a shekarun 1830, har ya ba shi ɗiyarsa aure.

Akwai wanda ya fi kusa da halin da kike ciki. Da Shehu ya rasu a 1817, ƙanensa Malam Abdullahi ya taso zuwa Sakkwato, ya tarar an riga an yi wa Bello mubaya'a, an kuma rufe masa ƙofar gari. Ki duba girman wannan: baffa, malami, wanda ya jagoranci yaƙin Tafkin Kwatto, a tsaye a bayan ganuwa. Ya juya ya koma, aka yi 'yan shekaru da sanyi tsakaninsa da ɗan wansa. Sai da yaƙin Kalambaina ya yi wa Malam Abdullahi tsanani, Bello ya taso da runduna ya kawo masa gudummawa. Masu tarihi suna ba da labarin cewa da suka yi ido biyu, Bello ya yunƙura zai sauka daga doki don girmama baffansa, shi kuma Malam Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da sunan Amirul Muminina. Ba su zauna binciken wa ya rufe ƙofa, wa ya ba da umarni ba. Buƙata ta taso, ƙaramin ya zo, babban ya karɓe shi. Rashin lafiyar mahaifinki, duk da ba abin so ba ce, ita ce irin wannan damar a gidanku, kuma maigidanki ne ƙarami, shi zai taso.

Yadda za ki tunkare shi yana da muhimmanci. Kada ki tare shi yana shigowa daga kasuwa da gajiya, ko yana riƙe da waya yana sauraren raddi. Ki bari ya ci abinci, yara sun yi barci. Ki fara da tambayar da ɗansa ya yi miki, ki faɗa masa kamar yadda yaron ya faɗa, ki yi shiru ki bar ta ta yi aikinta. Kada ki ce ya je ya ba Baba haƙuri, wannan kalmar za ta sa ya tuna gorin ya ƙara taurin kai. Ki ce: Baba yana kwance, ina so ka kai ni in duba shi, ko a zaure ne ka tsaya ka ce ya jiki. Dubiyar marar lafiya haƙƙin Musulmi ne a kan Musulmi, ya san hadisin, wataƙila ya fi ki saninsa.

Zai iya ce miki ƙaurace wa ɗan bidi'a addini ne. Amsar tana cikin littattafan da yake girmamawa. Allah ya ce a Suratu Luƙman, ko iyaye sun matsa wa ɗa ya yi shirka, kada ya bi su, amma ya zauna da su a duniya da kyautatawa. Asma'u 'yar Abubakar ta tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da mahaifiyarta da ta zo mata tana mushrika, ya ce ta sada zumuncinta. In haka ne ga wadda ba ta yi shahada ba, ina ga tsohon da ke tashi sallar asuba? Ibn Taimiyya kansa, wanda malaman maigidanki ke yawan ambato, ya yi bayanin cewa ƙauracewa magani ce da ake duba amfaninta, in ba za ta gyara ba sai ƙara ɓarna, to jawo zuciya ya fi. Shekara biyu ana ƙauracewa, Malam ya ajiye carbi? Abin da aka samu kawai shi ne yara uku da ba sa zuwa gidan kakansu, cikinsu har da auta da bai san fuskarsa ba. Ga kuma hadisin da ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, ya ce mafi alherinsu shi ne mai fara sallama, da wanda Muslim ya ruwaito cewa ana gafarta wa bayi ranar Litinin da Alhamis ban da biyun da ke gaba, sai a ce a jinkirta musu har su shirya.

Na kawo miki waɗannan don zuciyarki ta natsu cewa abin da kike nema ba saɓon Allah ba ne. Amma kada ki jera masa su kamar mai wa'azi. Maza da yawa sukan ƙi gaskiya daga bakin matansu, gobe su karɓe ta hannu biyu daga bakin malaminsu. Ki nemi dattijo mai sanyin hali a masallacin da yake salla, wanda yake jin nauyinsa, ta hannun mahaifiyarsa ko baffansa. A kowane ɓangare akwai irin waɗannan, ba su ne masu tashe a waya ba, shi ya sa ba a jin su. In kuma akwai wani tsoho a layin shagonsu da ya san su tun maigidanki yana share ƙofar shago, to ya fi kowa dacewa, don shi zai iya cewa “kai yaro” ya kuma iya cewa “haba Malam.” Sharaɗi ɗaya za ki roƙa: kada a tayar da maganar ranar suna, kada a buɗe muhawara. Abokin nan da ya miƙe kuwa, kada ya kusanci wurin.

A ɓangaren Malam, Inna ce makullinki. Ita ta san lokacin da ransa ke sanyi. Ta fara shirya shi, don kada yaron ya tattaro ƙarfin hali ya zo a kore shi, in aka yi haka sai an ƙara wasu shekaru. Ke kuma daga yau ki zama mai kai alheri kawai. Duk kalmar kirki da ta taɓa fita daga bakin maigidanki game da Baba, ko da “ai shi ya koya mini ciniki” ce, ki kai ta. Duk wadda Baba ya faɗa, ko tambayar lafiyar yara ce, ki kawo ta. Mummuna kuwa ta mutu a kunnenki. Annabi ya ce mai sulhu tsakanin mutane, da ke kai alheri yana faɗin alheri, ba maƙaryaci ba ne.

Kada kuma ki sa ran za ki ji tsoho ya ce wa surukinsa ya yafe masa da baki. Ga yadda abin yakan kasance. Maigidanki ya cire takalmi a bakin zaure, ya shiga da 'yar ledar lemo da kankana, ya durƙusa ya ce, “Baba, ya jiki?” Wataƙila Malam ya amsa a taƙaice yana kallon bango. A zauna kaɗan, a yi addu'ar samun sauƙi, a tashi. Bayan kwana biyu a koma. Ranar da kika ji Malam ya ce, “Ya kasuwa? Ina yaran?” to ya janye maganarsa ke nan, kuma ki gaya wa maigidanki tun kafin ya je cewa haka haƙurin dattijo yake, kada ya tsaya jiran wani.

Su kuma ƙannen nan naku, su ne masu hura wutar. Ki kira naki ɗaya bayan ɗaya, ke ce babba, ki ce duk wanda ya ƙara tura wa surukanku bidiyo, aurenki yake sara. Yawancin abin da suke turawa guntu ne na daƙiƙa talatin da aka yanko daga karatun awa biyu, an zaɓi wurin da ya fi zafi, don mai yankan mabiya yake nema. Shi bai san gidanku ba, ba kuma shi zai zauna da yaranki ba in aure ya mutu. Mutanen Sakkwato da suka ga abin da ya biyo bayan kashe wani malami a 2007, da gidajen da aka rushe da iyalan da suka watse, ba sa buƙatar a gaya musu inda irin wannan zuga take kaiwa. In zauren WhatsApp ɗin na dangi ne, ki fita, ki faɗi dalili a fili.

Ki kuma san haƙƙinki. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke hukunci da ita, Muhtasar Halil ya kawo cewa miji ba shi da ikon hana iyayen matarsa shigowa wurinta, kuma ko ya rantse ba za ta ziyarci iyayenta ba, ana karya rantsuwar in ita amintacciya ce. Saboda haka zuwa duba mahaifinki ba alfarma ba ce da sai kin yi kuka za a ba ki. Ban ce ki ɗaga wannan a matsayin makami ba, ko ki fita ba da saninsa ba, yin haka zai ba masu zuga abin faɗa. Amma in komai ya ƙi, ko ya fara yi miki barazana da saki, ko ya ɗaga miki hannu a kan wannan magana, to ta wuce tsakaninku, ki sanar da waliyyanki da nasa su zauna.

Tsanar da kika ce kina ji ba ta ba ni tsoro ba. Gajiya ce ta wadda aka sa a tsakiya shekara biyu, kowa yana jiran ta zaɓi gefe, ba wanda ya tambaye ta yadda take kwana. Ki sami 'yar'uwa ɗaya mai riƙe sirri ki riƙa sauke mata, ki yawaita addu'ar nan ta Suratul Hashri da ke roƙon kada Allah ya sa ƙulli a zukatanmu game da waɗanda suka yi imani. Ki koya wa yaranki ita ma.

Abu ɗaya ne ba na so ki yi, jinkiri. Hawan jini da suga a jikin tsoho ba sa ba da sanarwa. Ki je cikin makon nan ko ke kaɗai ce, ki duba ko yana shan magungunansa a kan lokaci, ko ana auna masa jini, ki zauna kusa da shi. Ki kuma faɗa wa maigidanki wannan a fili, da ladabi amma ba kwana-kwana: in ta Allah ta kasance, zai zo jana'iza ko yana so ko ba ya so, zai tsaya a sahu, zai zauna karɓar gaisuwa a zauren da yake ƙin shiga yau, kuma a ranar Malam ba zai iya amsa masa sallama ba. In ya ƙi a karon farko kada ki yi fushi ki rufe maganar. Ki bar shi kwana biyu, ki tura dattijon, sannan ki rubuto mini abin da ya faɗa da bakinsa, mu san ta inda za a sake ɓullo masa.